Tambayar Yaretzi

A León, birnin fata da takalma,
inda warin jima yake riga rana tashi,
shekarata arba'in da ɗaya a masana'antar nan.
Da tsintsiya na shigo. Yau ni ke ɗaukar ma'aikata.

Ranar da Don Anselmo ya ɗauke ni
bai tambayi sunana ba.
Tafin hannuna ya juya kamar mai taya ƙirgi,
ya ce, gobe ƙarfe shida.
Ban yi zancen albashi ba. Wa ya isa?
Sai ƙarshen wata na san farashina,
na kuma yi godiya har da rusunawa.

Yau Talata, ga yarinya a kujerar da ke gabana,
Yaretzi, shekara ashirin da uku,
rabin gashinta shuɗi,
takardunta kaf a cikin waya.
Na tanadi tambaya bakwai.
Ban kai ta uku ba ta ce,
Don Fidencio, ni ma ina da nawa.

Ƙarfe nawa ake tashi?
Ba na jikin bango ba, na gaskiya.
In an kira ni ran Lahadi, dole in ɗauka?
Zanen takalmi a kwamfuta nake yi,
me zai hana in yi kwana biyu daga gida?

Na ji wuyan rigata ya matse.
A raina na ce, ko shuka ba a yi ba
ana cinikin dami.

Sai ta ƙara guda, a hankali:
wanda ya riƙe aikin nan kafin ni,
me ya sa ya tafi?

Kekunan ɗinki na ta sambatu a ƙasa.
Efraín.
Wata goma sha huɗu bai makara ba.
Ya roƙi yini ɗaya ya raka uwarsa asibiti,
na ce odar Monterrey ba ta san asibiti ba.
Litinin ya turo saƙo, layi biyu.
Na bi kowa ina faɗa:
yaran yanzu ba su da ƙashin wahala.

Akwai hoto a teburina,
ɗiyata ce ranar da ta gama makaranta,
ga uwarta, ga kawunta, ga maƙwabcinmu ma.
Ni ina nan ina ƙirga kwali ɗari shida.
Agogon da kamfani ya ba ni na cika shekara talatin
yana cikin durowa. Ya tsaya, ban san yaushe ba.

Na gaya mata gaskiya.
Ban san daga ina ta fito ba, amma ta fito.

Ba ta ce komai ba.
Ta ɗauki wani takalmi da ke gefen tebur,
ta kife shi, ta bi ɗinkin da babban yatsa,
ta ce, dunduniyar nan za ta ci ƙafa.
Wata uku ke nan ana dawo mana da shi,
mu huɗu masu furfura mun rasa dalili.

Sai a lokacin na dubi hannunta.
Akwai kanta a inda basilla ke zama.
Kakata ce, in ji ta, tun ina 'yar takwas.

An ce abin da babba ya hango
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Ba a faɗa mana
abin da yaro ke gani daga ƙasa ba.

Litinin, na ce. Ƙarfe tara.
Ta ce za ta yi shawara,
zan ji daga gare ta ran Alhamis.

Yanzu ni ke jira a ɗauke ni.
Sau uku na duba waya kafin la'asar.
Da biyar ta buga na kashe fitila, na ɗauki hulata.
Tsoho Crisóforo mai yankan fata
ya ɗago daga benci, wuƙa a hannu,
ya dubi agogon bango, ya dube ni,
ya ce, lafiya dai?